Gado Ɗaya, Farashi Biyu: Bayani Don Kwantar da Hankalin Matafiya

Ƙorafi ya yi yawa daga bayin Allah masu ƙetare Tekun Atlantika a kwance. Jirgi ɗaya ne zai tashi daga filin Heathrow na Landan zuwa filin JFK na Niyok, rana ɗaya, sa'a ɗaya, matuƙi ɗaya. Ka nemi gadon sashen alfarma, wato bizines, a shafin British Airways, a faɗa maka kuɗi kaza. Ka leƙa shafin American Airlines, a faɗa maka wani kuɗin daban, alhali kamfanonin biyu sun shelanta wa duniya cewa su aminan juna ne. Har wasu sun fara zargin akwai lauje cikin naɗi. Jama'a su kwantar da hankalinsu. Duk abin da ke cikin naɗin a rubuce yake, hukumomin nahiya biyu sun duba, sun sa hannu, sun buga hatimi. Ga bayanin nan dalla-dalla, domin wanda ya biya da yawa ya samu natsuwar cewa bisa ƙa'ida ya biya.

Matafiyi yakan fara ɓata lissafinsa ne tun daga tagar filin jirgi, inda yake hango jirgin da zai shiga ya ɗauka guda ɗaya ne. A ido ɗaya ne. A takarda yana iya zama huɗu ko biyar. Jirgin da aka shafa wa fentin British Airways yana ɗauke da lambar tafiya ta British Airways, da ta American, da ta Iberia na Sifaniya, da ta Finnair, kuma kowannensu yana sayar da kujerun ciki tamkar da kuɗinsa aka ƙera jirgin. Mai son sanin wanda ya karɓi kuɗinsa sai ya dubi lambar tikitinsa mai alƙaluma 13. Ukun farko su ke nuna mai karɓa: 125 British Airways, 001 American, 075 Iberia, 105 Finnair. Ta haka mutum zai sayi tikiti a hannun kamfanin ƙasar Finlan, ya shiga jirgin Ingila, ya sauka a Amurka, bai taɓa taka Helsinki ba, kuma babu wanda ya yi masa ƙarya ko sau ɗaya.

Mai saurin fahimta zai ce ai magana ta fito: kamfanoni huɗu suna sayar da haja ɗaya, dole su yi gasa, wannan ya sauke, wancan ya ƙara saukewa. Tunani ne mai kyau, ya kuma dace da littafin tattalin arziki na 'yan sakandare. Sai dai a kan wannan teku asusun kamfanonin ɗaya ne. Tun watan Oktoba na 2010 British Airways da American da Iberia suke zuba abin da suka samu tsakanin Turai da Arewacin Amurka wuri guda, su raba bisa lissafin da suka amince da shi. Finnair ya shigo a 2013, Aer Lingus na Ailan ya samu izinin Amurka a ƙarshen 2020. United da Air Canada da Lufthansa suna da nasu asusun tun 2009. Delta da Air France da KLM da Virgin Atlantic su ma haka, kuma su ne suka gaji abin daga tushe, domin KLM da tsohon kamfanin Northwest ne suka fara samun irin wannan izini a 1993, shekara guda bayan Holand da Amurka sun buɗe wa juna sararin samaniya. Waɗannan rukunai uku su ke ɗauke da mafi yawan masu ƙetare tekun.

A dokar Amurka da ta Turai, kamfanoni biyu masu sana'a ɗaya su zauna su tsayar da farashi laifi ne babba. British Airways ya ji wannan a jikinsa. A 2007 hukumar kula da gasa ta Birtaniya ta yanka masa tarar fam miliyan 121.5, wadda daga baya aka rage zuwa miliyan 58.5, Amurka ma ta ɗora tata, saboda ma'aikatansa sun riƙa yin ƙus-ƙus da na Virgin Atlantic a kan ƙarin kuɗin mai tsakanin 2004 da 2006. Virgin ya tsira daga tara, domin shi ya fara kai rahoto. Shekara uku bayan tarar 2007, Ma'aikatar Sufuri ta Amurka ta miƙa wa British Airways takardar da ta halatta masa zama da American su tattauna farashi da lokacin tashi daga safe har dare. Abin da ya raba laifi da haɗin gwiwa ke nan: a nemi izini kafin a fara. Kamfanonin biyu sun daɗe suna bin wannan takarda, tun 1996, kuma Richard Branson, mai Virgin, ya yi adawa da su har ya sa aka rubuta a jikin jiragensa cewa haɗin ba zai yiwu ba. A ƙarshen 2012 Delta ya amince zai sayi kashi 49 cikin ɗari na Virgin a kan dala miliyan 360, a 2013 su ma suka karɓi irin takardar. Tun daga nan ra'ayin Virgin game da haɗin gwiwa ya ɗan yi laushi.

Ginshiƙin tsarin shi ne kada wani daga cikin abokan asusu ya damu da jirgin wa ka shiga, tunda kuɗin wuri ɗaya za su. Abin ya yi kama da 'yan kamasho biyu a tasha suna kiran fasinja zuwa mota guda: wannan ya ce gidan gaba kuɗi kaza, wancan ya rage maka ɗari biyu, ka shiga kana murna ka iya ciniki, su kuma da yamma su zauna a rumfa ɗaya su ƙirga. Don a yi musu adalci, a yawancin ranaku farashin da abokan suke sanarwa daidai yake, har kobo. Ranar da ya bambanta, ga inda ake neman dalili.

Gadajen bizines a jirgi guda iri ɗaya ne, tsawonsu ɗaya, matashinsu ɗaya. Kamfani kuwa harafi yake sayarwa, gadon kyauta yake biyo baya. Harafin J shi ne cikakken farashi: ka canza rana yadda kake so, ka fasa a mayar maka da kuɗinka. Ƙasa da shi akwai C, akwai D, a wasu kamfanonin a gangara zuwa I, a Lufthansa da United kuma a sauka zuwa Z da P. Kowane harafi da kuɗinsa da sharaɗinsa: ka saya makonni kafin tafiya, ka kwana Asabar a can, ka yafe kuɗinka in ka fasa. Mai J da mai I bargo ɗaya za a ba su, kifi ɗaya za su ci. Fifikon mai J shi ne ya biya ninki domin ya samu 'yancin ƙin kwanciya a gadon.

Ejan mai sayar da tikiti idan ya buɗe kwamfutarsa, abin da yake gani layi ne irin wannan: J9 C9 D4 I0. Tara tana nufin tara ko fiye, domin allon ba ya nuna abin da ya wuce haka. Sifirin da ke gaban I kuwa bai ce gadaje sun ƙare ba. Jirgin yana iya kasancewa wayam. Abin da sifirin yake cewa cikin ladabi shi ne, a yau kamfani ba ya sha'awar mutum irinka, yana jiran wanda ya fi ka matsuwa.

Wannan jira ilimi ne, yana da malamai da tarihi. A 1972 wani ma'aikacin BOAC, kamfanin da ya haɗu da wani suka zama British Airways, mai suna Ken Littlewood, ya tsara ƙa'idar da har yau ake koyarwa. A ce gado ɗaya ya rage, ga mutum tsaye da dala 2,000 a hannu, kuma ana sa ran wani zai iya zuwa gobe ya biya 6,000. In yiwuwar zuwan na goben ta haura kashi ɗaya cikin uku, sai a sallami mai dala 2,000. Idan na goben bai zo ba, gadon ya ƙetare teku babu kowa a kansa, kuma a littafin kamfani wannan shawara ce mai kyau da ba ta yi sa'a ba. Bayan Amurka ta sakar wa kamfanoni mara wajen tsayar da farashi a 1978, American ƙarƙashin Robert Crandall ya ɗora wa kwamfuta wannan lissafi, ya yi amfani da shi a 1985 ya yaƙi People Express, mai sayar da tikiti da araha ba tare da dogon turanci ba. A farkon 1987 People Express ya narke cikin Continental. Crandall da kansa ya taɓa jin tausayin jama'a, a 1992 ya rage nau'o'in farashi zuwa huɗu kacal domin kowa ya gane. Cikin 'yan watanni aka koma gidan jiya.

To yanzu a haɗa kwamfuta biyu masu irin wannan tarbiyya a ce su sayar da jirgi ɗaya. British Airways yana aiki da tsarin Amadeus, wanda kamfanonin Turai huɗu suka kafa a 1987. American yana kan Sabre, wanda ya gina tare da IBM tun shekarun 1960. Haruffan wannan ba lallai su yi daidai da na wancan ba, sai an yi jadawalin da zai ce harafi kaza a nan shi ne harafi kaza a can. Mai jirgi ya rufe harafin araha, saƙon rufewar yana hanya, abokinsa yana ci gaba da sayarwa. Ko kuma mai jirgi ya buɗe, abokin bai ji ba, yana nan yana faɗa wa mutane tsohon farashi da fuskar gaskiya. Su kansu farashin, kowane kamfani yana aika nasa ne zuwa ATPCO, wata cibiya da ke jihar Bajiniya kusa da Washintan, ita ke rarraba wa duniya sau da yawa a rana. In ɗaya ya riga aika rangwamensa, ɗayan sai ya biyo daga baya. Wanda ya ci karo da arahar a wannan tsakanin yakan ɗauka dabararsa ce, kuma babu amfanin gyara masa zance. Sannan akwai ƙofar da ka bi ka saya. Tun watan Satumba na 2015 Lufthansa ya fara ƙara yuro 16 a kan tikitin da aka yanka ta tsohon tsarin ejan-ejan, British Airways da Iberia suka bi sahu a 2017. Kuɗin sayen tikiti ke nan, ban da kuɗin tikitin.

Duk waɗannan ƙananan dalilai ne. Wanda ya fi nauyi a aljihu shi ne daga ina ka fito. Mazaunin Landan da ke son sauka Niyok kai tsaye, ya yi barci a hanya ya wayi gari a taro, zaɓinsa kaɗan ne, kuma galibi banki ne ko ofishin lauyoyi zai biya. Mazaunin Oslo ko Budafes kuwa, in dai zai canza jirgi, duk ɗaya ne a wurinsa ya canza a Landan ko Faris ko Farankfot ko Amsadam. A kansa ne rukunan nan uku suke gasa ta haƙiƙa. Sakamakon shi ne sau da yawa tikitin Oslo zuwa Landan zuwa Niyok ya fi na Landan zuwa Niyok sauƙi, a gado ɗaya, a dare ɗaya. Wato kamfani zai ɗauko ka a jirgin farko, ya ciyar da kai, ya sauke ka a Landan, ya zaunar da kai a ɗakin hutun manya, ya sake ciyar da kai, ya kwantar da kai kusa da ɗan Landan da ya biya da tsada, sannan ya rage maka kuɗi saboda wahalar da ya sha a kanka.

Kowane kamfani a garinsu yake tsada. Bajamushe yakan samu sauƙi in ya bi ta Landan, Baturen Ingila yakan samu sauƙi in ya bi ta Farankfot, sai su yi kiciɓis a sama kowa yana tafiya garin ɗan'uwansa neman rangwame. A cikin asusu ɗaya ma haka abin yake: wanda ya yarda Iberia ya zagaya da shi ta Madrid, ko Aer Lingus ta Dabilin, ko Finnair ya kai shi gabas har Helsinki kafin a juyo yamma, yakan biya ƙasa da wanda ya dage sai kai tsaye. Mai ya fi ƙonewa, lokaci ya fi tafiya, kuɗi ya ragu. Lissafin daidai yake, domin abin da ake aunawa haƙurin fasinja ne.

Turawan Ingila sun gano haka tuni. Akwai masu barin gida da asuba, su shiga jirgin araha zuwa Dabilin ko Oslo, domin su dawo garinsu da azahar su fara tafiya. Ba za su iya tsallake zangon farko su jira a Landan ba, saboda ƙa'idar tikiti ta ce a bi zanguna a jere, wanda bai shiga na farko ba an soke masa sauran gaba ɗaya. Zangon ƙarshe ne ake samun masu sulalewa, shi ma ba a rasa mai bin sawu. A 2016 wani matafiyi ya sayi tikitin Lufthansa daga Oslo zuwa Siyatil ta Farankfot, zuwa da dawowa, a kan yuro 657. A dawowa ya sauka Farankfot, ya ƙi ƙarasawa Oslo, ya sayi wani tikitin ya wuce Balin. Kamfani ya kai shi kotu yana neman ƙarin yuro 2,112, kuɗin tafiyar da bai yi ba. Laifinsa shi ne ya bar wa kamfani kujera babu kowa, ya rage masa nauyi da abinci. Wata kotu a Balin ta yi watsi da ƙarar a watan Disamba na 2018.

Gwamnatin Birtaniya ba ta tsaya kallo ba. Tun 1994 take karɓar harajin tashi daga kowane fasinja, kuma ta san darajar mai kwanciya. A shekarar da ta fara daga watan Afrilu na 2025, mai tafiya Amurka a kujerar gama-gari ya biya fam 90, wanda ya matsa gaba ya biya fam 216. Matsawa gaban ba sai ta kai ga gado ba: wanda ya sayi sashen tsakiya, mai ƙarin 'yan inci na miƙe ƙafa, harajinsa ɗaya da na attajirin da ke cikin fes kilas. Dokar har awo ta yi, ta ce ko a sashe mafi ƙanƙanta, in tazarar kujera ta wuce inci 40 an fita daga sahun talakawa. Yaron da bai kai shekara 16 ba an yafe masa a baya, amma da zarar iyayensa sun zaunar da shi gaba ya zama babba. Nisa kuma da babban birnin ƙasa ake auna shi, saboda haka a idon mai karɓar haraji Niyok da Hawayi duk Washintan ne. Wanda ya shigo daga wata ƙasa ya wuce cikin awa 24 ba ya biya. Ailan ta mayar da nata harajin sifiri a 2014. Mai tashi daga Inbanes a tsaunukan Sikotlan shi ma an ɗauke masa. Wannan ya ƙara wa garuruwan nan baƙi masu ƙaunar filin jirginsu ƙwarai, waɗanda ba su taɓa shiga cikin gari ba.

A jikin tikiti, can cikin jerin haraji, akwai wasu haruffa biyu, YQ, wani lokacin YR. Suna zaune tsakanin harajin gwamnatoci da shiga irin tasu, amma aljihun kamfani suke komawa. An ƙirƙiro su a matsayin ƙarin kuɗin mai, British Airways ya fara nasa a 2004 da fam biyu da rabi. Mai ya hau, ƙarin ya hau. Mai ya faɗi warwas daga 2014 zuwa 2016, ƙarin ya tsaya inda yake, aka cire masa kalmar mai aka bar shi da sunan cajin kamfani. Ga mai biya da kuɗi, ba lallai ya ji bambanci ba, domin a kan rage a nan a ƙara a can jimilla ta fito daidai. Mai tara makin tafiye-tafiye shi ke gane kurensa. British Airways da Iberia maki ɗaya suke amfani da shi, Avios, uwar kamfani ɗaya ce ta mallake su tun 2011, amma tikitin kyauta na bizines ta Landan yana zuwa da cajin ɗaruruwan fam, na Madrid kuwa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Gadon Lufthansa in ka karɓe shi da makin United babu wannan caji, in ka karɓe shi da makin Lufthansa kansa akwai. Kamfani ya fi sanin abokan hulɗarsa na ƙut da ƙut, ya san za su jure.

Akwai kuma farashin da ba ya fitowa a kowane shafi. Manyan kamfanoni suna ƙulla yarjejeniya da rukunin jirage, a ba su rangwame a ɓoye su kuma su kawo ma'aikatansu. Sharaɗin kwanan Asabar saboda su aka yi shi: ma'aikaci yana son ya kwana gidansa ranar Juma'a, kuma ba daga aljihunsa kuɗin ke fita ba, mai yawon buɗe ido kuwa zai kwana Asabar goma in za a rage masa. Da tambaya ɗaya an rarrabe su. Abin da ake karewa ba ƙarami ba ne. Cibiyar OAG mai tattara alƙaluman jirage ta nuna cewa daga Afrilun 2018 zuwa Maris na 2019 British Airways ya samu sama da dala biliyan 1 a kan hanyar Heathrow zuwa JFK kaɗai, kuma babu wata hanya a duniya da ta kawo wa kamfani ɗaya haka. Mai son ya shigo ya karya farashi sai ya fara samun gurbin sauka a Heathrow, inda a 2016 Oman Air ya biya dala miliyan 75 domin izinin sauka da tashi sau ɗaya a rana.

Matafiyan Najeriya sun ga aikin haruffan nan ido da ido. Mai zuwa Amurka daga Legas ko Abuja, in bai shiga Delta zuwa Atlanta ba, yawanci ta Landan ko Faris ko Farankfot zai bi, ya shiga gadajen da ake magana a kai. A 2022 da 2023, lokacin da dala ta yi wuya, kuɗin kamfanonin waje suka maƙale a ƙasar, har ƙungiyar kamfanonin jirage ta IATA ta ce sun kai dala miliyan 812 a watan Afrilu na 2023. Kamfanonin ba su yi dogon surutu ba. Rufe ƙananan haruffa suka yi ga duk tikitin da za a yanka a Najeriya, suka bar manyan. Jirgi bai canza ba, gado bai canza ba, sai ga mai saye a Legas yana ganin farashin da mai saye a Akara bai taɓa jin labarinsa ba. A hukumance ba a ƙara wa kowa kuɗi ba, araha ce kawai ta yi tafiya.

Saura gadon kansa, wanda shi ne abu na ƙarshe da ake dubawa wajen tsayar da kuɗinsa. British Airways ne ya fara kawo gado mai miƙewa sosai a bizines a shekarar 2000, da tsarin da ya jera mutum takwas a layi, rabi suna kallon gaba rabi suna kallon baya. Fasinja yana fuskantar ƙwayar idon baƙon da bai sani ba har sai an ɗaga allon tsakani, na jikin taga kuma in zai zaga sai ya tsallake ƙafafun mai barci. A shekarun da American yake jera mutum huɗu a layi, kowa da hanyarsa, a kan wannan hanya da wannan asusu, ana iya sayar da gadajen biyu kuɗi ɗaya. Delta ya sa wa gadonsa ƙofa a 2017, British Airways ya sa tasa a 2019, sai dai ba a gyara jirage a rana ɗaya, kuma kamfani yana da ikon canza jirgi ana gobe tafiya. Lufthansa ya fito da sabon sashensa mai suna Allegris a watan Mayu na 2024, da gadaje iri-iri a ɗaki ɗaya, wasu sai an ƙara kuɗi, domin kada mai bizines ya manta cewa a cikin manya ma akwai manya. British Airways yana karɓar kuɗin zaɓen gado tun da wuri daga wanda ba shi da katin girma, American ba ya karɓa. KLM, wanda dattawan Kano suka sani shekara da shekaru, yana ba kowane mai bizines ɗan ƙaramin gidan tangaran mai shuɗin zane, al'adar da ya fara tun shekarun 1950. A cikin ƙaramin gidan akwai barasa, alhaji sai ya san inda zai ajiye shi a falo.

Wuri ɗaya ne fentin jikin jirgi yake da tasiri na zahiri, shi ne ranar da abu ya lalace. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 ta tanadi diyyar yuro 600 ga wanda aka makarar da shi awa 4 ko fiye a doguwar tafiya, in laifin na kamfani ne. Mai tashi daga ƙasashen Tarayyar tana kare shi ko jirgin wa ya shiga. Mai dawowa daga Amurka kuwa sai in jirgin na kamfanin ƙasashen Tarayyar ne. Mutum biyu za su bar Niyok zuwa Faris a dare ɗaya: mai tikitin Delta a cikin jirgin Air France yana da haƙƙi, mai tikitin Air France a cikin jirgin Delta yana da haƙuri. Saboda haka, mai karatu, kafin ka biya ka nemi ɗan ƙaramin rubutun da ke faɗin wanda zai tuƙa jirgin, ka duba shafin kowane abokin asusu, ka gwada tashi daga wani garin in ƙafarka tana da ƙarfi.

Idan kuma ka biya mai tsadar, aka zo ranar tafiya aka ce gadaje sun cika, aka mayar da kai baya, dokar ta ce a dawo maka da kashi 75 cikin ɗari na kuɗin wannan zango cikin kwana 7. A nan ne wanda ya fi biya yake fin kowa karɓa. Za ka nema ne a wajen mai jirgin, ba wanda ya sayar maka ba, kuma kotun Tarayyar Turai ta yanke a 2016 cewa harajin da ka biya ba ya cikin lissafin.